Wa Zai Gyara Ta Bayan Ka Tafi? Zaɓen Firamwok da Mai Kula da Fakitoci Don Manhajar Kasuwanci

 

    

An ce in yi magana a kan yadda ake zaɓen kayan aiki idan za a gina manhajar kasuwanci, wato irin manhajar nan da ke riƙe lissafin kaya a sito, ta fitar da rasit, ta ƙirga albashi, ta gaya wa mai shago wa yake bi bashi, nawa ne, tun yaushe. Kayan aikin da zan taɓa iri biyu ne: firamwok, da kuma mai kula da fakitoci. Da na dubi zauren nan na ga kusan rabi masu rubutawa ne, rabi kuma masu biyan kuɗin rubutun, don haka masana ku yi mini haƙuri in fara warware kalmomin.

Wanda zai gina shago ba ya narka ƙarfe da kansa don ya sami rodi. Haka ma mai rubuta manhaja. Firamwok kamar kwarangwal ɗin gini ne da wasu suka riga suka kafa: ga ginshiƙai, ga matattakala, ga hanyar wayar wuta da ta famfo, kai naka shi ne ka yanka ɗakuna yadda mai gida yake so. Django na yaren Python, Laravel na PHP, Spring Boot na Java, ASP.NET Core na Microsoft, Ruby on Rails, duk irinsu ke nan. Fakiti kuwa ƙaramin kaya ne da ake sayowa a ɗaura, kamar kwaɗo ko soket: wannan ya iya fitar da PDF, wancan ya iya karanta Excel, wani ya iya tura saƙon waya. Ana tara su a wasu manyan sito-sito a intanet. Shi kuma mai kula da fakitoci shi ne sitokifa. Kai za ka rubuta masa abin da kake so, ya je ya ɗauko, ya haɗo da duk abin da kayan ke buƙata kafin su yi aiki, ya rubuta a littafi. Su ne su npm, pip, Composer, Maven da NuGet.

Wani zai ce, to me ya sa ba zan rubuta komai da hannuna ba in huta? Bari in ba ku misali da sunayenmu. Ɗauki Sa'adatu, ko Mas'ud, ko Isma'il. Wannan ɗan waƙafin sama da ke tsakiyar sunan, a yaren SQL da ake magana da rumbun bayanai da shi, alama ce ta cewa rubutu ya ƙare. Yaron da ya haɗa umarninsa da hannu, ran da Hajiya Sa'adatu ta zo sayen kaya, manhajar za ta tsaya cak. Kuma ta wannan ƙofar ce dai ɓarawo yake shiga ya kwashe rumbun bayanan gaba ɗaya. Duk firamwok na kirki ya toshe wannan kafa tun kafin ka zauna. Wannan ake saya da firamwok: kurakuran da dubban mutane suka riga suka yi, suka gyara.

To yaya za a zaɓa?

Na ɗaya: a fara da shagon, a bar kwamfuta tukuna

Kafin a ambaci sunan kowane firamwok, a je a zauna da akawu yini guda. Mutum nawa za su riƙa amfani da abin a lokaci ɗaya? A kan kwamfuta, ko a kan ƙaramar Tecno ko Itel da ke hannun yaron shago, wadda datarta ƙidayayya ce? In sabis ya ɗauke, ciniki zai tsaya, ko dole manhajar ta ci gaba ta daidaita daga baya? Sau da yawa ma amsar ita ce kada a gina komai. Akwai Odoo, akwai ERPNext, manhajoji ne da an riga an gama su, suna da lissafin kaya da na kuɗi da na albashi, gyare-gyare kawai za a yi. Abokan sana'ata ba sa son jin wannan, domin kwangilar takan ƙanƙance. Amma amana ta fi kwangila.

Na biyu: wa zai gyara ta bayan ka tafi?

A nan zan fi daɗewa, domin a ganina nan ne zuciyar maganar.

Alhazai, ku kuka fi ni sanin wannan. In za ku sayi motar da za ta riƙa jigilar kaya, ba ƙyalli kuke dubawa ba. Tambayarku ita ce, in ta lalace a hanya akwai bakaniken da ya san ta? Akwai kayanta a Ƙofar Ruwa ko Panteka? Abin da ya sa fijo 504 ta yi zamani mai tsawo a ƙasar nan ke nan, abin da ya sa Toyota ke yin nata yanzu ke nan. Wannan hikimar da kuke sayen mota da ita, ita nake roƙon ku sayi manhaja da ita.

A farkon 2020 aka ɗaga harajin VAT a Najeriya daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Lamba ɗaya ce ta canza. A lokacin aka kira ni wani kamfanin rarraba kayan masarufi, ba zan faɗi sunansa ba. Na shiga ofishin akawu, ɗan ƙaramin ɗaki a bayan sito, fanka tana kaɗa takardu, na tarar da dattijo da tulin rasit a gabansa. Duk wanda injin ya fitar sai ya sa biro ya soke kuɗin harajin, ya danna kalkuleta, ya rubuta sabo a gefe, ya sa hannu. Haka yake yi tun safe har magariba. Na ce, baba, me ya hana a gyara a cikin manhajar? Ya ce yaron da ya yi ta ya sami aiki a waje, wayarsa ba ta shiga, kuma an kawo mutum biyu sun duba sun ce ba su san irin wannan ba.

Yaron nan haziƙi ne, aikinsa tsaf. Amma ya zaɓi wani sabon firamwok da ake ta zuzutawa a shekarar da ya yi aikin, wanda a duk garin ƙila shi kaɗai ya iya shi. Da na kwafi aikin zuwa kwamfutata na ce wa sitokifa ya ɗauko fakitoci, sai allon ya cika da jan rubutu. Fakitocin da ya yi amfani da su duk sun canza, ba a kuma rubuta ainihin waɗanda ya ɗauka ba. Gyaran da bai kamata ya wuce minti goma ba ya ci mana makonni. Duk tsawon makonnin nan dattijon yana nan da bironsa.

Tun daga ranar, in wani ya tambaye ni wane firamwok ya fi, nakan mayar masa da tambaya: in ka tallata gurbin aiki gobe a garin nan, mutum nawa za su zo da suka iya shi? In amsar ba ta kai yatsun hannu ba, ka ajiye shi, komai kyansa. Ƙannena ɗalibai, na san zafin da ke cikin wannan. Kuna ganin sabon abu a YouTube, jininku yana tafasa ku gwada. Ku gwada, amma a kan aikinku na koyo. Kasuwancin wani ba wurin gwaji ba ne, domin akwai iyalai da ke cin abinci a ciki.

Kada kuma a ɗauka tsohon firamwok gazawa ce. Django ya fito daga ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, aka sake shi ga duniya a 2005, kuma a kansa aka gina Instagram. Rails ya fito a 2004 daga hannun David Heinemeier Hansson, kuma GitHub da Shopify har yau suna kansa. Taylor Otwell ya fitar da Laravel a 2011. In waɗannan sun ɗauki nauyin miliyoyin mutane, shagon da ke da ma'aikata ashirin zai gagare su ne? Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku: a duba ranar da za a daina kula da shi

Kowane firamwok yana da ajali, kuma masu gaskiya daga cikinsu suna rubuta ajalin a fili. Django yakan ware wasu sigogi ya ce waɗannan na dogon zango ne, zai riƙa yi musu faci na tsaro har shekara uku: 4.2 ta fito a Afrilun 2023, 5.2 a Afrilun 2025. Microsoft ma haka yake yi da .NET, siga mai lambar da ke rabuwa biyu takan sami shekara uku, kamar .NET 8 da ta fito a Nuwamban 2023. Laravel yana ba kowace babbar siga shekara biyu ta facin tsaro. Ma'anar wannan ga mai kasuwanci ita ce, duk shekara biyu ko uku akwai aikin ƙaura zuwa sabuwar siga, kuma aikin yana da kuɗi. Wanda bai gaya maka wannan ba ranar sa hannu, bai gaya maka cikakken farashi ba.

Girman kamfanin da ke bayan abu ma ba lamuni ba ne. Google ne ya fitar da AngularJS a 2010, kamfanoni suka yi ta gini a kansa. A Satumban 2016 Google ya fitar da Angular 2, wanda suna kawai ya haɗa su, an sake rubuta shi daga tushe, kuma tsohon aiki ba ya hawa kansa kai tsaye. A ƙarshen 2021 aka daina kula da AngularJS kwata-kwata. Microsoft ya rufe Xamarin a ranar 1 ga Mayun 2024. Python 2 kuwa, duk da an fitar da Python 3 tun Disamban 2008, sai da aka kai 1 ga Janairun 2020 kafin a rufe shi, kuma har a ranar akwai waɗanda abin ya zo musu kamar ba-zata. Shekara goma sha ɗaya ana shela!

Na huɗu: sitokifa ɗaya, da littafinsa

Yawanci yaren da ka zaɓa shi ke zaɓa maka mai kula da fakitoci. In PHP ne, Composer ne. In .NET ne, NuGet ne. In Java ne, ko Maven ko Gradle: Maven ya fi tsauri da dogon rubutu, amma duk wanda ya buɗe aikin zai gane shi, Gradle ya fi sassauci da sauri a manyan ayyuka, kuma shi ake amfani da shi a Android. Don manhajar ofis nakan ce a tsaya ga Maven sai in akwai dalili.

Inda ake rigima shi ne JavaScript da Python. Isaac Schlueter ya ƙirƙiro npm a 2010. A Oktoban 2016 Facebook da wasu suka fitar da Yarn, saboda a lokacin npm yana da nawa, kuma mutum biyu za su iya ba shi umarni iri ɗaya ya kawo musu kaya daban. Gasar ta yi amfani, domin a 2017 npm ya fito da nasa maganin. Sai kuma pnpm, wanda ke ajiye kwafi ɗaya na kowane fakiti a kwamfuta, duk ayyukanka su riƙa ara daga nan. Ga wanda ke sayen data da kuɗinsa, kuma faifan kwamfutarsa ƙarami ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Python akwai pip na gargajiya, akwai Poetry, akwai uv da ya fito a 2024 mai saurin gaske.

Wanne ya fi? Gaskiya bambancinsu bai kai hayaniyar da ake yi a kansu ba. Abin da ke kashe aiki shi ne a haɗa biyu a aiki ɗaya, wannan yana amfani da npm, wancan da Yarn, kowa da littafinsa. Sito ɗaya, sitokifa biyu, littafi biyu: alhazai, kun san yadda wannan ke ƙarewa.

Bari in bayyana littafin nan, domin shi ne abin da ya ci mu a labarin da na ba ku. Kowane fakiti yana da lamba mai gida uku, misali 4.2.1. A bisa al'ada, in gidan ƙarshe ya canza, ƙaramin gyara aka yi. In na tsakiya ne, an ƙara wani abu amma tsoho bai lalace ba. In na farko ne, to a yi hattara, an canza abin da zai iya karya aikinka. Idan ka ɗauko fakiti da npm, yakan sa wata 'yar alama mai kama da hula a gaban lambar, ma'anarta, duk abin da ya fito sabo ƙasa da 5.0.0 na yarda. Kun ga an dogara ne da alkawarin mutumin da ba a taɓa gani ba, cewa ba zai karya komai a tsakani ba. Shi kuma ɗan'adam ne. Sannan fakitin da ka ɗauko yana da nasa fakitocin da ya dogara da su, su ma suna da nasu. Kai ka nemi goma, ka buɗe sito ka tarar da ɗaruruwa.

Maganin shi ne fayil ɗin kulle. A npm sunansa package-lock.json, a Composer composer.lock, a Yarn yarn.lock, a Poetry poetry.lock. Yana rubuta ainihin sigar kowane fakiti, har jikoki da tattaɓa-kunne, tare da wani hatimi na lissafi da zai tona asiri in an sauya kayan a hanya. A ajiye shi tare da sauran aikin a Git, ma'ajiyar rubutun manhaja. In za a ɗora manhaja a kan saba, wato kwamfutar da za ta riƙa aiki a kanta, a yi amfani da umarnin da ke bin littafin sau da ƙafa, irin su npm ci da composer install. Na sha ganin matasa suna goge fayil ɗin nan don wai ya kawo musu cikas. Don Allah ku daina. Wanda ya goge shi ya yaga littafin sito ne.

Na biyar: duk fakitin da ka ɗauko, baƙo ka saukar a gidan mutane

Zan ba ku labarai huɗu, duk sun faru, duniya ta shaida.

A Maris ɗin 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya sami saɓani da kamfanin Kik a kan sunan wani fakitinsa. Masu npm suka ba kamfanin sunan. Ya fusata ya janye fakitocinsa sama da 250. A cikinsu akwai left-pad, layi goma sha ɗaya kacal, aikinsa ya cike gurbi a hagun rubutu. Ashe manyan kaya irin su Babel sun dogara da shi, kuma dubban ayyuka sun dogara da Babel. Cikin 'yan sa'o'i aiki ya tsaya a ofisoshi ko'ina a duniya, sai da npm ya maido da fakitin da kansa. Layi goma sha ɗaya, jama'a. Wane ne a cikinku ba zai iya rubuta shi kafin shayi ya huce ba?

Na biyu ya fi muni. A Maris ɗin 2017 aka gano ɓaraka a firamwok ɗin Apache Struts, aka kuma fitar da faci. Kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara bayanan bashin jama'a, bai ɗora facin a wata manhajarsa ba. Masu kutse suka shiga a watan Mayu, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli. Bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita. A 2019 kamfanin ya amince da sulhun da zai iya kaiwa dala miliyan 700. Ku lura, magani yana nan wata biyu kafin ɓarawo ya zo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, Log4j, a Disamban 2021. Ƙaramin fakitin Java ne da ke rubuta abin da manhaja ke yi a littafin tarihi. Aka gano cewa in aka tura masa wani ɗan rubutu na musamman, baƙo daga ko'ina zai iya sarrafa saba. Abin da ya fi tayar da hankali a makon nan shi ne kamfanoni da yawa ba su ma san ko suna da shi ba, saboda ba su suka ɗauko shi ba, ya biyo wani fakiti ne da ya biyo wani. Tambayar farko ta kowane shugaba ita ce, muna da shi? Kuma mutane suka kwana suna lalube.

Na huɗu shi ne wanda har yau in na tuna gabana yake faɗuwa. Akwai wani kayan matse fayil, xz, da ke cikin kusan kowace saba mai Linux. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da shi a lokacin hutunsa. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya zo yana taimakawa, sannu a hankali, kimanin shekara biyu, har aka yarda da shi aka ba shi makulli. Sai ya dasa ƙofar sirri a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. A Maris ɗin 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata na'urarsa ya ƙara ɗaukar kusan rabin daƙiƙa. Bai ce ruwansa ba, ya bi diddigi har ya tono abin kafin ya bazu. Rabin daƙiƙa ce ta tsaya tsakanin duniya da babbar masifa.

Ba ina cewa a guji fakiti ba, wannan ba zai yiwu ba. Ina cewa kafin ka buga umarnin ɗauko shi, ka tsaya minti biyar. Firamwok ɗina bai riga ya iya wannan ba? Yaushe aka taɓa fakitin nan na ƙarshe? Mutum ɗaya ne ke riƙe da shi ko ƙungiya? Shi kuma su wa ya jawo a bayansa? Ka kuma duba harrufan sunan da kyau, domin ɓarayi kan ajiye fakiti mai suna kusan iri ɗaya da na gaske, suna jiran wanda yatsansa zai zame. Sannan a sa rana a kalanda, ko sau ɗaya a wata, a gudanar da npm audit ko composer audit ko pip-audit, ko a kunna Dependabot a GitHub ya riƙa kawo gargaɗi. Wannan ba ya cin kobo. Lokaci yake ci, kuma dole wani ya biya lokacin.

Ga mu a Najeriya, maganar ta wuce shawara. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke sa ido a kanta. Lambar wayar abokin ciniki da lambar asusunsa da ke cikin manhajarka amana ce a wurin Allah, kuma yanzu abin tambaya ce a gaban hukuma.

Na shida: mu a nan muke aiki

Duk waɗannan kayan an ƙera su ne a wuraren da wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma kamar ruwan famfo. Wa ya tuna 14 ga Maris ɗin 2024? Ranar da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka sami matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni daga Kwaddibuwa da Gana har Najeriya, har manhajojin bankuna suka riƙa gardama. Duk ofishin da ke buƙatar sitokifansa ya tsallaka teku kafin a ɗora gyara, ranar ya zauna ne kawai. Kamfanin da ke da masu rubuta manhaja ko da uku ne, ya dace ya kafa ƙaramin sito na cikin gida da zai riƙa ajiye kwafin duk fakitin da aka taɓa ɗaukowa. Verdaccio yana yi wa npm wannan, devpi yana yi wa Python, Nexus yana haɗa da yawa wuri ɗaya. Tsohuwar kwamfuta ɗaya a lungun ofis ta isa. Ana sauke kaya sau ɗaya, kowa ya ɗiba, data ta huta.

Sai kuɗi. Duk abin da ake biya da dala, ku tuna yadda naira ta yi daga tsakiyar 2023 zuwa yau, ku lissafa shi a kan shekara biyar. Kyauta ma a karanta lasisinta. MIT da Apache da BSD suna barin ka ka yi kasuwanci ba takura. GPL, musamman AGPL, suna da sharuɗɗan da za su iya tilasta ka buɗe naka aikin. Kuma mai abu yana iya sauya ra'ayi: HashiCorp ya canza lasisin Terraform a Agustan 2023, Redis ya canza nasa a Maris ɗin 2024. Kayan da ke hannun gidauniya ko jama'a masu yawa, irin su Django da rumbun bayanan PostgreSQL, sun fi kwanciyar hankali ta wannan fuska.

Ƙananan gwaje-gwaje biyu kuma, tun da muna maganar gida. Ku sa a buga rasit da sunan Ɗanladi ko Ƙasimu, ku ga ko ƙugiyar harafin za ta fito ko alamar tambaya. Ku kuma tambayi yadda ake ajiye kuɗi a ciki. A JavaScript, da wasu yarukan da dama, in ka haɗa 0.1 da 0.2 abin da zai ba ka shi ne 0.30000000000000004. A rasit ɗaya ba za a gani ba, a ƙarshen shekara akawu zai gani. A ajiye kuɗi a matsayin kobo cikakke, ko a yi amfani da nau'in lambar da aka tanada don kuɗi.

Na bakwai: ga masu biyan kuɗi

Alhaji, Hajiya, ba sai kun iya rubuta manhaja ba kafin ku kare kanku. A rubuta a yarjejeniya cewa ainihin rubutun manhajar naku ne, yana cikin asusun Git da aka buɗe da sunan kamfaninku, makullin yana hannunku. A ba ku takarda ɗaya mai ɗauke da sunan firamwok, sigarsa, da ranar da za a daina kula da ita. A ware kuɗin kulawa na shekara-shekara, kamar yadda kuke ware na juyen mai. Kafin ku biya kason ƙarshe, ku kawo wani daban, a ba shi sabuwar kwamfuta da takardar bayani, ku ga ko zai iya tayar da manhajar ba tare da ya kira wanda ya rubuta ba. In ya iya cikin yini guda, an yi muku aiki.

Na san wani zai ce, malam ka yi ta kewaye, kai wanne za ka ɗauka? Ba zan ɓoye ba. Don shago, makaranta, asibiti ko kamfanin rarraba kaya, ni Django ko Laravel zan ɗauka, gwargwadon wanda na fi samun mutanensa a garin, da PostgreSQL ko MySQL a baya, da shafuka marasa nauyi da saba ke haɗawa ta aiko, don su buɗu a ƙaramar waya. Ba zan kawo kayan gina allo irin React ba sai allon yana buƙatarsa da gaske. Ba zan yayyanka aikin zuwa ƙananan manhajoji goma masu magana da juna ba, alhali mutum biyu ne za su kula da shi. In kuwa aikin zai haɗu da banki ko babban kamfani da tuni yake kan Java ko Microsoft, sai in bi Spring Boot ko .NET, domin a can mutanensu suke. Akwai waɗanda za su saɓa mini a zauren nan, ina ganin wasu sun fara gyara zama, kuma ina so in ji hujjarsu.

Shugaban zama, ranka ya daɗe, na ga an miƙo mini takardar lokaci.  Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure a gyara mini. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu a kawo masa makirufo, kuma ina roƙon a fara da 'yan kasuwa kafin masu kwamfuta su karɓe zancen.